Wa Ya Ce Ƙoshi Ke Kawo Lalaci?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga jama'armu ta Hayyus Sabi'i da kewaye, malamai da ɗalibai da fatake da iyayenmu mata.  

Ranar Juma'ar da ta wuce, da aka sauko daga masallaci, an zauna taron ƙungiya kamar yadda aka saba. Liman ya kawo shawara a kafa asusu wanda za a riƙa fid da wani abu daga cikinsa kowane wata a ba kowane gida da ke cikin littafinmu, ba tare da an tambayi mutum me ya ci jiya ba. Bai rufe baki ba sai wani alhaji daga cikin manyan fatakenmu ya miƙe ya ce, "Allah ya gafarta malam, in an ba yaro kuɗi bai yi gumi ba, gobe wa zai ɗaukar mana kaya a Ataba?" Aka yi dariya, taro ya watse ba a yanke kome ba.

To, mu da littafin ƙungiya ke hannunmu ba mu yi dariya ba, gama mun san sunayen da ke ciki, mun san kuma gidajen da ba a hura wuta a cikinsu sai sau ɗaya a yini. Alhaji dattijo ne, muna ganin girmansa, kuma ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Sabo da haka muka ga ya kamata mu amsa masa a rubuce, domin wanda bai zo taro ba shi ma ya ji, ya auna da hankalinsa kafin zama na gaba.

Shawarar da Liman ya kawo ƙanwa ce ga wata babbar magana da ake ta ja-in-ja a kanta a ƙasashen duniya. Watau gwamnati ta yanka wa kowane ɗan ƙasa wani abu tsayayye kowane wata, mai aiki da marar aiki, mai kuɗi da matalauci, ba sharaɗi, ba bincike. Mu a nan za mu kira shi rabon kowa da kowa. Dalilin da ya sa maganar ta yi ƙarfi yanzu kuwa shi ne na'urori sun fara cinye ayyukan da mutane ke ci da su. Ba sai mun je Turai neman misali ba. Shekarun baya, ɗan kasuwa ko majinyaci in ya sauka Alƙahira daga Kano ko Maraɗi ba ya iya taka ko'ina sai da ɗalibi a gefensa yana yi masa tafinta. Yau da yawansu wayar hannu ke juya musu Larabci, su yi ciniki da Bamisire ta WhatsApp tun suna gida, su kira mota da kansu. Wannan ƙofa ce da yaranmu da yawa ke biyan haya da ita, ga ta kuwa tana ƙunƙuncewa a kan idonmu.

Duk inda aka ta da maganar rabon kowa da kowa, abin da masu ƙi ke faɗi ɗaya ne da na Alhaji: mutane za su kwanta, aiki zai mutu. Bari mu bi wannan tsoro mu ga ko yana da ƙafa.

Mu ba mu yi makarantar boko ba, allo muka yi, sai littattafai a zaure. Sabo da haka daga can za mu fara. Wajen shekara ta 20 bayan Hijira, da dukiya ta yi yawa a baitulmali, Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, ya kafa diwani, watau littafin sunaye, ya yanka wa Musulmi rabonsu na shekara. Malaman tarihi sun kawo cewa Abu Sufyanu ya ja hankalinsa, ya nuna tsoron mutane za su dogara ga diwani su bar fatauci. Ashe maganar Alhaji ta girme shi da shekara dubu da ɗari huɗu. Umar ya saurara, amma bai fasa ba. An ruwaito ma ya sa aka auna alkama aka yi gurasa, aka tara mutum talatin suka ci rana da dare, domin ya san abin da ke isar cikin mutum ɗaya a wata, ya yanka wannan ga namiji da mace da bawa. Da fari sai an yaye yaro ake sa shi a littafi. Wani dare ya ji jariri yana ta kuka, ya bincika, ya tarar uwar tana gaggawar yaye shi ne domin ya shiga rabo. Da gari ya waye sai ya sa aka yi shela kowane abin haihuwa yana da dirhami 100 tun ranar da ya faɗo.

Mu tambayi Alhaji: wane kaya jariri ya ɗauka a kasuwar Madina? Sa'an nan, fatauci ya mutu bayan diwani? Wannan birni da muke zaune cikinsa, tushensa Fusɗaɗu ne, wanda Amru ɗan Asi ya kafa a zamanin Umar ɗin nan, kuma mutanensa na farko masu karɓar rabo ne daga diwani. Bai zama garin malalata ba. Ya zama ɗaya daga manyan kasuwannin duniya.

Mu matso kusa. Masallacin Azhar, wanda dominsa yawancinmu ko iyayenmu suka taka ƙasar nan, ya yi ɗaruruwan shekaru a dā yana ba ɗalibansa gurasa kowace rana daga dukiyar waƙafi. Jaraya ake kiranta. A wancan zamani mutanenmu na ƙasar Barno suna da ruwaƙinsu a cikin masallacin, nan suke kwana, nan suke karɓar tasu. Ba a taɓa cewa jaraya ta hana kowa karatu ba. Ita ce ma ta sa ɗan talaka ya iya zama gaban malami shekara goma ba tare da ya fita yawon neman abin kai wa baki ba. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mutanen da suka tsayad da waƙafin nan sun san haka.

To, a ce wannan labarin dā ne. Na yanzu fa? Mun tambayi ɗalibanmu masu karanta jaridun Turawa, suka karanta mana, muka rubuta.

A ƙasar Finland, shekarar 2017 da 2018, gwamnati ta zaɓi marasa aiki 2,000 tana ba kowannensu yuro 560 a wata, aka ce ko ka sami aiki ba za a yanke ba. Da aka fid da sakamako a 2020, sai aka ga ba su rage aiki ba, har sun ɗan ɗara 'yan'uwansu kwanakin aiki kaɗan, kuma hankalinsu ya fi kwanciya. A ƙasar Iran, cikin Disamba 2010, gwamnati ta rage tallafin mai da na gurasa ta koma ba kusan kowane ɗan ƙasa riyal 455,000 a wata. Masana suka bi diddigi, ba su ga jama'a sun watsar da aiki ba. A Alaska ta ƙasar Amurka, tun 1982 ake raba wa kowane mazauni wani abu daga ribar asusun man fetur kowace shekara, na farko dala 1,000, har yau ba a ji an rufe kasuwanninsu ba.

Wanda ya fi kama da mu shi ne na Kenya. Wata ƙungiya mai suna GiveDirectly ta ɗauki ƙauyuka 44 a yankunan Siyaya da Bomet ta yi alkawarin ba kowane baligi abin da bai kai dala ɗaya ba a rana, har shekara 12. Waɗansu ƙauyukan kuma aka ba su nasu a dunƙule, wajen dala 500 sau ɗaya. A ƙarshen 2023 masana suka bayyana abin da suka gani a shekarun farko. Mutane ba su rage aiki ba, shaye-shaye bai ƙaru ba. Abin da ya sauya shi ne irin aikin: da yawa sun bar ƙodago a gonar wani sun buɗe nasu, mai shago da mai ɗinki da mai haya da babur.

Jama'a, a lura da wannan, gama nan maganar take. Rabon kowa da kowa bai kashe aiki ba. Ƙodagon arha ya taɓa. Mutumin da ya san gurasar gobe tana nan yana iya duban mai kuɗi ya ce, "A'a, wannan lada bai yi mini ba." Wanda yunwa ke kora kuwa ba shi da bakin faɗin haka.

Yanzu mu koma kan tambayar Alhaji, wa zai ɗauki kaya a Ataba. Amsa ita ce wanda ke ɗauka yau shi zai ɗauka gobe, sai dai za a yi ciniki da shi tukuna. Mu duka mun san yadda abin yake. Yaro ya baro gida domin karatu. A tashe shi da asuba, ya bi baƙo Ataba da Muski da Khan Halili, ya yi tafinta, ya yi ciniki, ya ɗaure kaya, ya kai ma'auni, ya raka filin jirgi tsakar dare. Ya rasa darasin yini uku. In an gama a damƙa masa abin da aka ga dama a ce, "Allah ya yi albarka." Ba ya iya musu, domin mai gida yana jiransa da kuɗin haya. Akwai wani yaro da muka rubuta sunansa a littafi shekarun baya, haziƙi ne, ya haddace Alƙur'ani tun a gida. Ya faɗi jarrabawa sau biyu a jere sabo da wannan yawo, takardar zamansa ta mutu, ƙarshe sai karo-karo aka yi aka mai da shi gida hannu wofi. Ba wanda ya isa ya kira yaron nan malalaci. Aiki ne ya kashe masa karatu.

Haka 'yan'uwanmu mata da ke aikatau a gidajen mutane. Wata ta zo wurin Liman tana kuka, wata uku ba a biya ta ba, ga zagi, amma ta ce ba ta iya fita domin in ta fita ba ta san inda za ta kwana ba. Da tana da ɗan abin da ke shigo mata kowane wata, ko da na haya ne kaɗai, da ta ɗauki ƙunshinta tun watan farko, ta sayi tanda ta soya masa.

Sabo da haka muna cewa, da girmamawa, wanda ke tsoron rabon nan ya dubi zuciyarsa. Lalacin yara yake tsoro, ko kuwa tsadar lada? In na biyu ne, to, Musulunci bai ba kowa izinin ya gina ribarsa a kan yunwar ɗan'uwansa ba. Alƙur'ani a Suratul Hashri, aya ta 7, ya nuna dalilin rabon dukiya shi ne kada ta riƙa kewaya tsakanin mawadata kaɗai.

Amma kada a ce mun ɓoye abin da ke gefen Alhaji. Akwai gaskiya uku a wajen masu ƙi, za mu faɗe su.

Ta fari, Musulunci yana girmama aiki, yana ƙin roƙo. Hakanan ne. Kowa ya san labarin mutumin Madina da ya zo roƙo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka sayad da shimfiɗarsa da ƙoƙonsa dirhami biyu, aka aike shi itace, ya komo bayan kwana goma sha biyar da dirhami goma. Masu wa'azin "je ka nemi na kanka" suna son wannan hadisi ƙwarai. Amma su kan tsallake tsakiyarsa. Dirhami ɗaya aka ce ya sayi abinci ya kai wa iyalinsa, ɗayan ya sayi gatari, kuma Annabi da hannunsa mai albarka ya sa masa ƙota. Abinci tukuna, sa'an nan gatari, sa'an nan daji. Wanda ya ce wa mutum "tafi daji" bai ba shi ko ɗaya ba, bai bi sunna ba, ya dai sallame shi ne.

Ta biyu, kuɗi kan narke. Wannan ma gaskiya ne. Rabon Iran da muka ambata, tsadar kaya ta cinye shi cikin 'yan shekaru har ya zama ba a bakin kome ba. Mu ma mun ɗanɗana. Ranar 6 ga Maris 2024 aka saki fam ɗin Masar, da safe dala tana wajen fam 31, kafin dare ta kusa 50. A gida kuma, bayan an cire tallafin mai a Nijeriya ranar 29 ga Mayu 2023, gwamnati ta yi shelar za ta ba gidaje miliyan 15 naira 25,000 a wata har wata uku. Wata uku kuwa ba tsani ba ne da mutum zai taka ya gina sana'a. Darasin da ke nan shi ne rabo ya zama mai ɗorewa, a kuma auna shi da abinci kamar yadda Umar ya yi, kada a auna shi da takarda.

Ta uku, ai gara a ba mutum aiki da a ba shi kuɗi. Wannan ƙasar da muke baƙunci cikinta ta gwada. A zamanin Shugaba Jamal Abdun Nasir, daga farkon shekarun 1960, gwamnati ta ɗauki alkawarin ba kowane wanda ya gama jami'a aiki, aka tabbatad da shi da doka a 1964. Niyya ce mai kyau, ta kuwa ɗaga gidaje da yawa. Amma ofisoshi suka cika, albashi ya ƙanƙance, a shekarun 1980 mutum sai ya yi shekaru yana jiran takardar kiransa, daga baya abin ya tsaya. Wanda bai tsaya ba shi ne gurasa. Da aka taɓa tallafin abinci a Janairu 1977, kwana biyu ƙasa ta yi tana ci da wuta, gwamnati ta janye. Gurasar tallafi ta yi fiye da shekara talatin a kan kirshi 5, sai a Yuni 2024 aka mai da ita kirshi 20. Fiye da rabin mutanen Masar suna cin wannan gurasa. Ku fita da asuba ku dubi tashar mota, ku dubi masu gini da masu burodi da masu tura amalanken wake. Waɗannan ne gurasar gwamnati ta mayar malalata?

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi damunmu. Ko da gobe duk gwamnatocin duniya sun yarda da rabon kowa da kowa, "kowa" ɗin nan ɗan ƙasa ake nufi. Katin gurasa na Misirawa ne. Shirin Takaful da Karama da aka fara a 2015, mai taimakon gidajen talakawa masu yara a makaranta da tsofaffi da naƙasassu, na Misirawa ne. Ba mu zarge su ba, ƙasarsu ce, sun kuwa karɓe mu, Allah ya saka musu. Na gida kuma ba ya ƙetare hamada ya same mu. A 2023 aka yi doka baƙon da takardarsa ba ta cika ba sai ya biya dala 1,000 kafin a daidaita masa zama. Mutumin zango tsakanin littafi biyu yake, ba ya cikin na can, ba ya cikin na nan. Littafi ɗaya ne kaɗai ke ɗauke da sunansa, shi ne wannan da ke kan teburinmu. In ba mu zama baitulmalin junanmu ba, ba wanda zai zama.

Wani zai ce, to, a ba mabukata kaɗai mana, me ya kawo kowa da kowa? Mun gwada wannan shekara da shekaru, mun ga inda yake yoyo. Mai baki shi ke samu. Wanda ya san wani a kwamiti shi ke samu. Dattijon da ya yi shekara talatin yana koyad da yaranmu ba zai taɓa tsayawa gaban 'ya'yan cikinsa ya ce "ba ni da shi" ba, gara ya kwana da yunwa. Bazawarar da ke kunyar surukai ba za ta zo ba. In kuwa rabo na kowa ne, ba wanda ya roƙa, ba wanda aka yi wa gori. Alhaji ma a kai masa nasa har gida. In ya ga ba ya bukata, ga akwati nan a ƙofar masallaci, ya mayar, tsakaninsa da Ubangijinsa.

Ga abin da muke roƙon taro ya yanke a zama mai zuwa.

Na ɗaya, a kafa asusun, amma kada a zuba zakka a cikinsa. Zakka tana da masu ita guda takwas da Suratut Tauba ta lissafa a aya ta 60, mawadaci kuwa ba ya ciki. Ita a bar ta a kan hanyarta. Asusu ya tsaya a kan kuɗin wata na 'yan ƙungiya, da sadaka, da wani abu tsayayye a kan kowane kilo na kaya da fatakenmu ke aikawa gida, wanda su da kansu za su yanka.

Na biyu, a auna rabo da gurasa da wake da mai, a sake duba shi duk bayan wata uku, domin kada faɗuwar fam ta mai da shi wasa.

Na uku, a ware kashi ɗaya na gatari. Gwajin Kenya ya nuna waɗanda aka ba a dunƙule sun fi buɗe sana'a. Sabo da haka wanda ya so, a tara masa nasa na shekara a ba shi gaba ɗaya ya sayi keken ɗinki ko tanda ko kayan aski.

Na huɗu, a tsayad da ladan tafinta da na rakiyar kasuwa da na ɗaurin kaya, a rubuta a manna a masallaci, kada baƙo ko ɗan gari ya biya ƙasa da haka.

Na biyar, a karanta lissafin shiga da fita a bainar jama'a kowace Juma'ar farkon wata, kuma maɓallin akwati ya zama a hannun mutum uku, ban da mu masu rubutu.

Mun sani abin da za a tara ba zai ƙosad da kowa ba. Wataƙila ba zai wuce gurasar safe ba. Amma gurasar safe ita ce tsakanin ɗalibin da ya tafi darasi da wanda ya tafi Ataba. A gwada shekara ɗaya. In shekara ta cika aka tarar yaranmu sun kwanta, masu sana'a sun rufe, mu da hannunmu za mu rubuta a wannan shafi cewa Alhaji ya yi gaskiya, mu nemi gafararsa gaban jama'a. In kuwa aka tarar ba haka ba, ba mu nemi kome daga gare shi ba sai ya ninka abin da yake zubawa.

Zama na gaba ranar Juma'a ne bayan sallar La'asar. Muna roƙon kowa ya zo, musamman ɗalibai da mata, gama ku ake magana a kanku, bai kuwa kamata a yi muku aski ba kwa nan ba. Alhaji kuma, shafin nan a buɗe yake gare shi, in ya kawo amsa za mu buga ta ba ragi ba ƙari.

Allah ya haɗa kanmu, ya sa albarka a nemanmu, ya mai da kowa gida lafiya. Amin.

Wassalam.

Magatakardan Liman, a madadin masu riƙe da littafin ƙungiya,
Hayyus Sabi'i, Alƙahira.